Dokar shekara 21 ta giya a Amurka, da maganar da na yi da ɗana kafin ya tafi jami'a

Akwai wani abu da na gani da idona a wani gidan abinci a nan Texas wanda ya sa na yi kwana da kwanaki ina karance-karance. Wani abokin aikina ne ya gayyace mu cin abincin dare mu da iyalanmu, shi ya zo da matarsa da ɗansa ɗan shekara 17, muna zaune ana hira kawai sai na ga ya sa an kawo masa biya, ya kurɓa sau ɗaya sannan ya tura wa yaron kofin. Wallahi gabana sai da ya faɗi. Na fara waige-waige ina jiran mai kawo abincin ta zo ta ƙwace kofin ko a kira manaja, amma ko a jikinta, ta zo ta ɗauki faranti ta wuce abinta. Da ya ga yadda fuskata ta canza sai ya ce min kar in damu, doka ta yarda, tunda shi ne uban kuma yana zaune yana kallonsa.

Ni dai ba na shan giya, gidana ba a sha, addinina ya haramta kuma a nan maganar ta ƙare a wajena. Amma duk shekarun da na yi a ƙasar nan abin da na sani shi ne 21, ko'ina ka shiga an liƙa a bakin kanta, mutum da furfurarsa ma sai a ce ya nuna katin shaida. To ashe rabin labarin na sani. Kuma da yake babban ɗana yana shirin tafiya jami'a a lokacin, inda ba ni ba mahaifiyarsa, sai na ga wannan rashin sanin nawa ba ƙaramin abu ba ne.

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne wai babu wata dokar tarayya da ta ce kai tsaye ɗan ƙasa da 21 ba zai sha giya ba. Tun 1933 da aka yi wa kundin tsarin mulki gyara na 21 aka soke haramcin giya na ƙasa baki ɗaya wanda aka fara a 1920, maganar giya ta koma hannun jihohi, kowace jiha da nata tsarin. Yawancinsu a lokacin 21 suka saka domin shi ne shekarun girma a doka. Sai ga yaƙin Biyetnam, ana ɗibar samari 'yan 18 ana kai su fagen daga, mutane suka fara cewa ta yaya yaro zai isa ɗaukar bindiga amma bai isa jefa ƙuri'a ba, shi ne a 1971 aka rage shekarun zaɓe zuwa 18, kuma cikin 'yan shekaru jihohi kusan 30 suka rage na giya su ma, wasu 18 wasu 19 wasu 20. Texas ma ta sauko 18 a 1973.

Abin da ya biyo baya babu daɗin ji. Haɗarin mota na samari ya ƙaru, musamman a kan iyakokin jihohi, domin idan jiharku 21 ce maƙwabciyarku kuma 18, to yara tuƙi za su yi su tsallaka su sha sannan su tuƙo gida cikin dare a buge. Har suna aka ba wa waɗannan hanyoyi, iyakokin jini. A 1980 wani direba da ya sha ya yi tatul, wanda an sha kama shi da irin wannan laifin a baya, ya buge wata yarinya 'yar shekara 13 a Kaliforniya ta mutu, mahaifiyarta Candy Lightner ta kafa ƙungiyar iyaye mata masu yaƙi da tuƙi cikin maye wadda ake kira MADD. Su ne suka matsa wa 'yan majalisa lamba, Sanata Frank Lautenberg na New Jersey ya ɗauki maganar, har Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a dokar a watan Yuli na 1984.

To ga dabarar da suka yi. Tunda tarayya ba ta da hurumin tilasta wa jiha, sai ta bi ta aljihu, duk jihar da ba ta mayar da shekarun saye da riƙe giya a bainar jama'a zuwa 21 ba, za a yanke mata kashi 10 cikin 100 na kuɗin gina manyan tituna da tarayya ke bayarwa, daga baya aka mayar da shi kashi 8. Jihar Dakota ta Kudu ta kai ƙara ta ce wannan danniya ce, Kotun Ƙoli a 1987 ta ce a'a tarayya na da 'yancin sa sharaɗi a kan kuɗinta, alƙalai 7 suka goyi baya 2 suka ƙi. Zuwa 1988 duk jihohi 50 sun bi layi, Wyoming ce ta ƙarshe. Puerto Rico kuwa har yau 18 take, ta gwammace ta yi asarar kuɗin.

Ku lura da kalmomin nan biyu, saye da riƙewa a bainar jama'a. Dokar ba ta ambaci sha ba. Kuma ƙa'idojin da aka fitar don aiwatar da ita da kansu suka cire wasu abubuwa daga ma'anar riƙewa, wato idan don ibada ne, ko yaron yana tare da uba ko uwa ko mariƙi ko mijin aure ko matar aure da ta kai 21, ko likita ne ya rubuta, ko a kulob mai zaman kansa, ko kuma aikinsa ne ya sa ya taɓa kwalbar. Daga nan ne kowace jiha ta zaɓi ƙofar da za ta buɗe da wadda za ta rufe, shi ya sa abin da yake halak a doka a wannan jihar za ka tsallaka ta gaba ka tarar laifi ne.

Ƙofar iyaye ita ce ta fi faɗi kuma ita ce na gani a gidan abincin nan. A Texas sharaɗin shi ne uba ko uwa ko mariƙin da kotu ta naɗa ko abokin aure babba ya kasance yana wurin ana ganinsa, ba wai ya ba da izini ta waya ba ko ya saya ya ajiye ya fita. A Wisconsin yaro zai iya shiga mashaya ma ya sha idan yana tare da iyayensa, sai dai mai wurin yana da damar ya ce shi bai yarda ba, kuma da yawa suna ƙi domin tsoron lasisinsu. Ohio ma tana da irin wannan. Wasu jihohin kuma sun ce sai dai a cikin gida, wasu ma sun ƙara cewa sai gidan iyayen kansu, wasu kuwa ba su buɗe wannan ƙofar ba sam. Kuma abu ɗaya da mutane ke yawan kuskurewa, izinin na ɗanka ne kaɗai. Ɗan maƙwabcinka ko abokin ɗanka da ya zo kwana ba ya ciki ko da iyayensa sun ce maka ba komai.

Ta ibada ba ta da wahalar fahimta. Kiristoci 'yan Katolika da wasu ɗariku suna kurɓar ruwan inabi a jibin Ubangiji tun suna yara, Yahudawa ma suna da shi a addu'ar daren Asabar da idin ƙetarewa, ko a zamanin haramcin 1920 ɗin ma an bar musu wannan. Ta likita kuma yanzu da wuya ka ji an yi amfani da ita. Akwai ta karatu wadda ni ban taɓa tunaninta ba, ɗaliban da ke koyon girki ko sarrafa inabi a jami'a, a Kaliforniya tun 2015 ɗalibi ɗan 18 da ke kwas ɗin sarrafa inabi zai iya ɗanɗanawa a aji amma sai ya tofar, ba a yarda ya haɗiye ba. Sai ta aiki, a jihohi da yawa har da Texas ɗan 18 zai iya kai wa kwastoma giya a tebur amma shi ba zai sha ba. Har hukuma kanta tana amfani da yara 'yan ƙasa da 21, ta tura su kanti su gwada saye don a kama masu sayarwa ba tare da duba kati ba.

Da na leƙa wasu ƙasashen sai na ga Amurka ce ma ta fi tsauri a cikin ƙasashen yamma. A Ingila 18 ne shekarun saye, amma ɗan 16 ko 17 zai iya shan biya ko ruwan inabi tare da abinci a gidan abinci idan babba ne ya saya kuma yana tare da shi, a cikin gida kuwa abin da doka ta hana shi ne ba wa yaron da bai kai shekara 5 ba, biyar fa, dokar tun 1933 take. Jamus 16 ne na biya da ruwan inabi, 18 na masu ƙarfi irin su wiski, kuma sun daɗe da barin ɗan 14 ya sha biya a waje in yana tare da iyayensa, abin da likitocinsu da 'yan siyasa da dama suke ta kiran a soke. Kanada 19 ne a yawancin larduna, 18 a Alberta da Manitoba da Quebec, shi ya sa ɗaliban Amurka da ke kusa da iyaka suke tsallakawa. Japan 20, kuma ko da suka rage shekarun girma zuwa 18 a 2022 ba su taɓa na giya ba. Abin da na lura da shi dai, waɗanda suka canza a baya-bayan nan yawanci sama suka yi, Faransa ta mayar da komai 18 a 2009, Holan ta tashi daga 16 zuwa 18 a 2014, Lituweniya ta kai 20 a 2018.

Washegari a wajen aiki na sake tayar wa abokin nan nawa da maganar, cikin mutunci, domin mutumin kirki ne kuma na san yana son ɗansa kamar yadda nake son nawa. Hujjarsa ita ce wadda kusan duk iyayen da ke yin haka suke kawowa, wai gara yaro ya koya a gabansa a hankali da ya je ya koya a hannun abokai a ɓoye, wai abin da aka hana shi ne yake ba yaro sha'awa, wai ka ga Turawan Faransa da Italiya suna ba yara tun suna ƙanana kuma ba su da matsala. Na saurare shi har ƙarshe kuma ban raina hujjar ba domin tana da kama da hankali. Har shugabannin jami'o'i sama da 100 sun taɓa sa hannu a wata takarda a 2008 ƙarƙashin jagorancin John McCardell, tsohon shugaban kwalejin Middlebury, suna cewa a sake duba 21 ɗin domin a ganinsu ta kora shan giya zuwa ɗakunan ɓoye inda babu babba ko ɗaya. Waɗannan mutane ne da suke ganin abin kullum a harabar makarantunsu, ba za ka ce ba su san abin da suke faɗa ba.

Amma ni ban gamsu ba, kuma ba don addini kaɗai ba. Akwai wani bincike da aka yi a Ostireliya aka buga a mujallar Lancet ta lafiyar al'umma a 2018, sun bi yara kusan 1,900 tsawon shekara shida tun suna wajen 12 zuwa 13, suna duba wa yake ba su giya da abin da ya biyo baya. Abin da suka samu shi ne yaran da iyayensu suka ba su ba su samu wata kariya ba, hasali ma sun fi waɗanda ba a ba su ba yiwuwar shan ta wuce kima da kuma zuwa su samo a wani wurin daga baya. Wato yaron bai ɗauki darasin a sha kaɗan ba, abin da ya ɗauka shi ne a gidanmu ba laifi ba ne. Babban likitan gwamnatin Ingila ma, a ƙasar da doka ta ce shekara 5, ya fitar da shawara a 2009 cewa mafi alheri yaro ya tashi ba giya kwata-kwata, in ma za a yi to kar a yi kafin 15. Ga kuma maganar ƙwaƙwalwa, ɓangaren gaba wanda ke kula da yanke shawara da kame kai bai gama nuna ba sai wajen shekara 25, kuma an daɗe da sanin cewa wanda ya fara sha tun yana ƙarami ya fi shiga haɗarin kamuwa da jarabar ta. Zancen yaran Turai kuma da ake ta yi, ƙasashe irin su Denmak da ake fara sha da wuri suna cikin waɗanda matasansu suka fi yin maye a nahiyar. Doka ta ba uba dama, wannan gaskiya ne, amma doka ba ta ce abin yana da kyau ba, ta dai janye hannunta ne daga ƙofar gidanka ta bar ka da yaronka.

Yanzu bari in zo kan mu, iyayen da ba ma sha kuma muke ganin wannan magana ba ta shafe mu ba. Na sha jin 'yan'uwa suna cewa ai ɗana ya yi Islamiyya ya san haram ne, shikenan. Allah ya sa haka, nima fatana kenan. Amma yaron da ka tura jami'a zai kwana ɗaki ɗaya da wanda ba ka zaɓa masa ba, zai shiga motar abokai, za a gayyace shi fatin ƙarshen zango ko na ƙungiyar ƙwallo, kuma doka ba ta tambayar wa ya yi salla. A Texas yaro ɗan ƙasa da 21 da aka kama da giya tara ce har dala 500, da aikin al'umma na awanni, da ajin wayar da kai na dole, da dakatar da lasisin tuƙi na kwana 30 a karon farko. Ba sai an gan shi yana sha ba, riƙe wa aboki kofi na minti ɗaya ya isa, kuma idan kwalba tana cikin motarsa ko a inda yake da iko da ita za a iya cewa tasa ce. Wasu jihohin ma idan aka gwada aka samu giya a jikin yaro sun ɗauke shi kamar an kama shi da ita a hannu.

Tuƙi kuma babu sassauci ko kaɗan. Babba ana kama shi ne idan giyar jininsa ta kai kashi 0.08 cikin 100, a Utah 0.05, amma ɗan ƙasa da 21 tun wajen 1998 duk jihohi suka koma 0.02 ko ƙasa da haka, a Texas kuwa ko ɗigon da na'ura za ta iya ganowa laifi ne. Kun ga ke nan yaron abokin nan nawa, wanda doka ta yarda ya kurɓa a tebur, da shi ne ya tuƙa su gida a daren nan da ya karya doka. Ga wanda ya zo karatu da biza kuma abin ya fi muni, kamun tuƙi cikin maye kaɗai zai iya sa a soke masa biza tun kafin a je gaban alƙali. Sai babban yaya ko ɗan'uwa da ya kai 21 da ƙananan za su roƙa ya sayo musu, a Texas wannan tarar tana kaiwa dala 4,000 da ɗaurin da zai iya kaiwa shekara ɗaya. Jihohi da yawa kuma suna kama mai gida idan yara suka sha a gidansa da saninsa ko da ba shi ya sayo ba, kuma in wani ya fita ya yi haɗari za a iya maka shi a kotu a nemi diyya.

Duk wannan na karanta na ajiye a kai. Amma akwai ƙofa guda ɗaya a cikin dokokin nan da ta tsaya min a rai fiye da sauran, har ta hana ni barci, ita ce ta afuwa ga wanda ya kira agaji.

A watan Fabrairu na 2017 wani ɗalibi ɗan shekara 19 a jami'ar Penn State ya mutu bayan an ɗura masa giya a bikin shigar da sababbi wata ƙungiyar ɗalibai. Ya faɗo daga matattakala, abokansa suna nan, sun gan shi, suka ɗauke shi suka kwantar a kujera, kuma sai da aka yi kusan awa 12 kafin wani ya kira 911, lambar neman agajin gaggawa. Awa goma sha biyu, yara cike da gida kowa da waya a aljihu. Ban ɗauka dukkansu mugaye ba ne, tsoro ne, tsoron 'yan sanda, tsoron kora daga makaranta, tsoron abin da za a faɗa wa iyaye. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana ƙiyasta cewa matasa 'yan ƙasa da 21 kusan 4,000 ne giya ke kashewa duk shekara a Amurka ta haɗari da faɗa da nutsewa a ruwa da gubar giyar kanta, kuma ita gubar giya abu ne da asibiti ke iya ceto mutum daga gare shi idan an kai shi da wuri.

Saboda irin wannan ne yawancin jihohi suka yi dokar afuwa. A Texas tun 2011 take, kuma sharuɗɗanta uku ne masu sauƙi, ka zama kai ne na farko da ya kira 911 don wani da ake zargin giya ta yi masa yawa, ka tsaya a wurin har masu agaji su iso, ka ba su haɗin kai su da 'yan sanda. In ka yi haka ba za a tuhume ka da laifin riƙe giya ko shan ta ba ko da kai ma ka sha. Ba ta wanke mutum daga sauran laifuka kamar tuƙi cikin maye ba, kuma sharuɗɗan suna bambanta daga jiha zuwa jiha, shi ya sa ya kamata kowa ya duba ta jihar da ɗansa yake. Jami'o'i da yawa ma suna da tasu ta cikin gida, Cornell ta fara tata tun 2002. Matsalar ita ce yara da yawa ba su san da ita ba, iyaye irina kuwa ko labarinta ba mu taɓa ji ba.

Kuma na zauna na yi wa kaina tambayar da ba ta da daɗi. Yaron da ya tashi a gida irin nawa, inda ko sunan giya ba a so a ambata, idan ya tsinci kansa a ɗakin da abokinsa ya faɗi ba ya motsi, wa zai fi jin tsoro, ɗan sanda ko ni? Na san amsar. Ɗan abokin aikina zai kira babansa ba tare da wani tunani ba. Nawa kuwa zai fara tunanin me Abba zai ce idan ya ji ina wurin, me za a ce a masallaci, ina Umma za ta sa kanta, kuma kowane minti da yake wannan lissafin ɗan wani yana kwance numfashinsa yana raguwa. Tarbiyyar da na yi masa ina alfahari da ita kuma ba zan canza ta ba, amma ban yarda kunyar da na koya masa ta zama sanadin mutuwar ɗan mutane ba, ko tasa.

Saura kamar sati biyu ya tafi na ce ya zo ya raka ni sayen taya, don na san a mota ya fi sakin jiki, ba ya kallona ba na kallonsa. Na fara da abin da ya riga ya sani, na ce matsayina a kan giya bai canza ba kuma ba zai canza ba, haram ce, kuma ina roƙon Allah ya tsare min shi. Ya ce na sani Abba. Sai na ce to yanzu saurari wadda ba ka taɓa ji daga bakina ba. Na faɗa masa alamomin, mutum ya kwanta ana tashinsa ba ya tashi, yana amai alhali bai farka ba, numfashi a hankali ƙasa da sau 8 a minti ko yana tsayawa yana dawowa, jiki ya yi sanyi, leɓe ya canza launi. Na ce kar ka yarda da masu cewa a bar shi ya yi barci zai warware, domin giyar da ke cikinsa tana ci gaba da shiga jini ko bayan ya daina sha, kofi ba ya magani, wanka da ruwan sanyi ba ya magani, sai ma ƙara haɗari. A juya shi ya kwanta ta gefe don kar aman ya shaƙe shi, kar a bar shi shi kaɗai, a kira 911, a faɗi gaskiyar abin da ya sha. Na gaya masa dokar afuwar da sharuɗɗanta uku na sa ya maimaita min.

Ya yi shiru har muka wuce danja biyu, sannan ya ce Abba to idan ni ne fa na yi kuskuren.

Ban shirya wa wannan tambayar ba, sai da na haɗiyi yawu. Na ce masa idan kai ne, ka kira 911 tukuna sannan ka kira ni, ko ƙarfe uku na dare ne, kuma kar ka kuskura ka tuƙa mota ko ka shiga motar wanda ya sha don gudun kar in sani. Zan zo in ɗauke ka ko in biya motar da za ta kai ka ɗaki. Raina zai ɓaci, ba zan yi maka ƙarya ba, kuma za mu yi maganar da safe ni da kai, amma ƙofar gidana ba za ta rufu a kanka ba, ni ina son ɗan da zan yi wa faɗa yana zaune a gabana da ransa.

Mahaifiyarsa da farko ba ta ji daɗi ba da na ba ta labari, ta ce kamar na ba shi lasisi ne. Na fahimci tsoronta domin nima na yi wannan tunanin kafin in buɗe baki. Muka yi ta maganar har dare ya yi nisa, na nuna mata labarin yaron Penn State ɗin, ta karanta ta ajiye wayar ta daɗe ba ta ce komai ba. Ranar da muka kai shi makaranta, bayan mun gama jera masa kaya a ɗaki, ita ce da kanta ta tambayi mai kula da ɓangaren ɗaliban ko makarantar tana da tsarin afuwa ga wanda ya kira agaji, ya ce akwai, ta sa ya nuna mana shafin, sannan ta karɓi wayar ɗan nata ta saka masa lambar jami'an tsaron makarantar da hannunta.